Yatsan Inna Lamai da Ƙarfen Anti Wilai

Ni ba na yi wa mutum keji sai na ga tuƙinsa. Duk wanda ya san garejina a garin Conburi ya san wannan. Ka zo da kuɗinka ka ce, "Anti Wilai, a ɗaure mini cikin mota da ƙarfe," sai in ce mu haɗu a filin tsere ranar Asabar in ga yadda kake shan kwana. In na ga kanka na rawa, to ka nemi wani mai waldar. Keji dai bututun ƙarfe ne da nake lanƙwasawa in kewaye direba da shi, don in mota ta kife kada rufi ya murƙushe shi. Ban ƙera shi don mahaukaci ya ƙara samun ƙarfin gwiwa ba. Mutum ɗaya ne kawai ni da kaina na yi ta bi ina cewa ya bari in yi masa, shi ne Tawin.

Malamin firamare ne, mai sanyin hali har yakan ba ni haushi. In ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri. Motarsa tsohuwa ce, ƙarama, ruwan toka, injinta ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma ka kifa masa hular kwano ka sake shi a fili, kai! Sai ka rantse wani ne daban. Shekara da shekaru yana rukunin 'yan koyo, masu koren tambari a gilashi, waɗanda ba a yarda su wuce juna a kwana ba. Sa'o'insa duk sun haye rukunin manya, shi yana nan yana bin bayan yaran da suka karɓi lasin jiya-jiya.

Wata Asabar, Kawu Bunma, tsohon da ke duba motoci kafin a shiga fili, ya zo ya sa farce ya ɓare koren tambarin daga gilashin Tawin.

"Malam, ka ishe ni," in ji shi. "Yara na hango ka a madubi suna rikicewa. Je ka sa keji, wata mai kamawa ka dawo in liƙa maka ja. In ba za ka sa ba, ka yi zamanka a gida, don kore dai ka gama da shi."

Muka kaure da ihu. Aka jawo shi ƙarƙashin rumfarmu, aka baje gasasshiyar kaza da shinkafa mai danƙo da kwaɗon gwanda mai yajin da ke sa hawaye. Nok, mai ɗaukar mana hoto, ta zo da kyamararta tana nuna wa kowa abin da ta kama a doguwar kwana: motar Tawin ta kwanta gefe guda, tayar baya ta ciki ta ɗaga sama har ana hango ciyawa ta ƙarƙashinta.

"Ka ga, Malam," in ji Deca, mai jar mota, wanda bakinsa ya fi injinsa gudu, "in ka shigo cikinmu, abu na farko ka zubar da takalman birkin nan naka. Na zuwa kasuwa ne. Sayi irin nawa."

"Irin naka da suka yi hayaƙi ɗazu?" in ji Nok. "Ina da hoton. Na zaci a can aka gasa kazar nan."

"Man birki ne ya tafasa, ba takalmi ba!"

"To wa ya zuba man, ni?"

Ana ta dariya, Tawin kuwa yana murmushin yaƙe, ko lomar kirki bai kai baki ba. Ni ban ma lura ba a lokacin, murna ta hana ni. Na ɗauko abin awo daga jakata na nufi motarsa, na buɗe ƙofa na zura kai ciki don in auna tsayin rufi. Sai na gan su. A jikin ƙyallen silin, daidai saman kan direba, ga ɗige-ɗigen farin alli da aka dangwala da yatsa, an jera su tudu kamar yadda ake yi wa sabuwar mota a nan don neman albarka. Sun ɗan dushe, amma suna nan.

Na ce, "Malam, ka san ƙyallen nan sai ya fita, ko? Bututu sai ya manne da rufi, kuma tartsatsin walda ba ya barin ƙyalle."

Ya ce, "Na sani, Anti."

"To sai me? Kowa ya cire nasa. In na gama ka kai ta haikali, malaman wurin su dangwala maka sababbi a jikin ƙarfen."

"Ba a haikali aka yi waɗannan ba. Innata ce ta yi."

Ashe ranar da ya sayi motar, uwarsa, Inna Lamai, ta ce ba inda za a kai ta. Ita ta haife shi, ita za ta sa albarka. Ta dama allin da ruwan turare, ta shiga ta zauna a kujerar direba, ta ɗaga hannun dama ta dangwala. Bayan haka ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Hannun daman nan yanzu a kan cinyarta yake kwance, ba ya motsi. In aka cire ƙyallen, an cire ke nan, babu mai sake yin irinsu.

"Kuma fa," ya ƙara da cewa, yana kallon ƙasa, "ba ta san ina zuwa nan ba. Ta ɗauka darasin Asabar nake koyarwa."

Tabɗi! Mutum ya haura arba'in, har da furfura a gefen kunne.

Kafin in isa gida maganar ta cika zauren hirarmu na waya. Deca ya ce a yanke wurin da almakashi a sa a gilashi a rataye a falo. Nok ta ce za ta ɗauki hoton ɗigon, a buga shi a takarda mai danƙo a liƙa a rufi, wa zai gane? Wani ya ce ya sayi wata motar ya bar wannan. Wani ya ce a yi rabin keji daga baya kawai, na ce masa in ya sake kawo wannan shirmen zan fita daga zauren. Daga nan, kamar kullum, aka zarce musu a kan wace taya ce ta fi riƙe kwalta in an yi ruwa, aka manta da mai matsalar. Shi kuwa Tawin ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya yana cewa ya gode.

Ya kawo motar gareji. Na cire kujeru, na cire dardumar ƙasa, na lanƙwasa bututu na jingine su a bango. Saura ƙyallen kawai. Kullum in an tashi daga makaranta sai ya zo ya tsuguna a cikin motar da babu kujera, ya ɗaga kai ya yi ta kallo, sannan ya ce, "Gobe, Anti." Gobe ta zo, ya ce gobe. Watan yana ta ƙarewa, ni kuma ga bututuna a tsaye suna kallona.

Rannan da rana tsaka ya shigo da sauri kamar an koro shi. Ya ce, "Anti, ki cire. Ni zan je in sha shayi, kada in gani. Inna ba ta cika shiga motar ba yanzu. In za mu asibiti sai in ari ta maƙwabci, in ce tawa tana wurin gyara."

Raina ya ɓaci, na ajiye guduma.

"Har yaushe za ta yi ta zama wurin gyara? Har tsohuwar ta mutu? Kai, Malam, dube ni da kyau. Ni mai walda ce, ba ɓarauniya ba. Ba ni na sa ɗigon nan ba, ba kai ka sa ba. Mai su tana da rai, tana da baki. Mayar da kujeru, mu je."

"Za ta hana, Anti."

"To ta hana mana!"

Na faɗa da ƙarfi ne, amma ni ma tsoro nake ji. Ina son yin kejin nan fiye da duk wanda na taɓa yi, kuma na san in tsohuwar ta ce a'a, Tawin ba zai sake taka filin tsere ba.

Gidansu na katako ne a bakin rafi, irin mai dogayen ƙafafu. Muka tarar da Inna Lamai a inuwar ƙarƙashin gidan, a kan keken guragu, tana korar ƙuda daga kifin da aka shanya da mafici a hannun hagu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, amma idonta kaifi gare shi. Na haɗa tafin hannu na gaishe ta. Tawin ya durƙusa a gabanta ya fara bayani har ya kai ƙarshe.

Ta zuba masa ido. Maficin ma ta daina kaɗawa.

"Darasin Asabar ɗin ke nan?" in ji ta.

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Ni ina nan ina faɗa wa maƙwabta ɗana ba ya hutawa saboda 'ya'yan mutane. Har miya nake sa a ajiye maka ta musamman."

Ganin zai narke a wurin, sai na ciro wayata na nemo hoton Nok na miƙa mata. Ta kawo shi kusa da ido ta ƙura masa.

"Tayar nan a sama take," ta ce.

Na ce, "Haka ake so, Inna."

"Wa yake so?"

Ta ci gaba da kallon hoton, sannan ta ɗago ta dube ni, ba shi ba.

"Ke, ya iya? Kada ki yi mini daɗin baki."

"Inna, tun ina budurwa nake tsayawa a bakin kwanar nan. Na ga masu kuɗi, na ga masu manyan injina. Ban ga hannun da ya kai na ɗanki ba. In ƙarya nake yi, kada in sake riƙe abin walda."

Ta ce a tura ta wurin motar. Tawin ya tura keken har bakin ƙofar direba, ya buɗe. Ta leƙa, ta ɗaga kai ta kalli ɗige-ɗigenta. Na ga leɓenta na motsi, ban san me take faɗa ba. Sannan ta juyo.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. In motar nan ta kife da shi, wanne ne zai riƙe rufin? Yatsana, ko ƙarfenki?"

Wai! Na gwammace a sa ni in ɗauki injin mota a ka da in amsa wannan. Ni ma a madubin motata akwai sarƙar furanni ta neman tsari, ba na fita ban taɓa ta ba. Tawin yana bayan keken yana yi mini alama da ido in lallaɓa. Amma tsohuwar ta ce kada in yi mata daɗin baki.

Na ce, "Ƙarfena, Inna."

Tawin ya runtse ido.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To me kuke jira tun tuni?"

Ta miƙa hannun hagu za ta kamo gefen ƙyallen da kanta. Hannun ya tashi yana rawa, ya kai daidai sitiyari, ya ƙi wucewa. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Na matsa zan taimaka, ta galla mini harara na koma da baya.

"Kai za ka cire," ta ce wa ɗanta. "Da hannunka, a gabana. Ba ka jin kunya, ka ɗora wa baƙuwa aikin da kake tsoro?"

Ya shiga ya ɓalle maƙallan ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba, ƙurar tsohon soso na sauka masa a fuska. Da ƙyallen ya fito ya riƙe shi a hannu biyu ya rasa inda zai sa.

"Kai shi kan akurkin kaji," in ji ta. "Rana na damun su."

"Inna!"

"Ƙyalle ne fa. Maganar ƙaryar da ka yi mini kuwa tana nan, za mu yi ta ni da kai." Ta juyo kaina. "Ke kuma, ban ce na yarda ba tukuna. Zan zo in ga ƙarfen da idona. In bai yi mini ba, ba zai shiga ba, ko wa ya liƙa masa tambari."

Ban taɓa yin aiki da tsoro irin na wannan karon ba. Na kashe waya, na kori masu zuwa hira. Duk mahaɗar da na yi wa walda sai na haska ta da tocila na bi ta da yatsa. Akwai wata a can saman kusurwar baya, inda ba mai gani sai ya kwanta rigingine, wadda ta ɗan yi mini tudu. Kawu Bunma ba zai taɓa lura ba. Na yanke bututun gaba ɗaya na sake sabo. Ban shafa wa mahaɗan fenti mai kauri ba, na bar su yadda kowa zai ga aikin.

Ranar tseren ta zo da zafi, kwalta har tururi take yi tun da hantsi. Kawu Bunma ya shiga motar ya jijjiga nan, ya ƙwanƙwasa can, ya fito yana kaɗa kai.

"Wilai, wannan ai ko tankar yaƙi," in ji shi. Ya ciro jan tambari zai liƙa.

Tawin ya riƙe masa hannu. "Kawu, ɗan dakata. Akwai mai dubawa ta biyu."

Nok ce ta turo keken Inna Lamai ta tsakiyar motoci. Ta sha ado da farar riga da zanen siliki, an kifa mata malafa. Duk hayaniyar wurin ta lafa, masu ɗaure taya suka miƙe suna gaishe ta. Aka kai ta bakin ƙofar direba. Ta kama bututun gefe da hannun hagu ta ja, ta tura, ta sake ja da iya ƙarfinta har keken ya motsa. Bututun ko gezau. Sannan ta sa yatsa ta bi layin waldar a hankali, daga farko har ƙarshe, ta koma wata mahaɗar ta bi. Ni kuwa gumi ya jiƙe mini baya.

"Ni tela ce kafin hannun nan ya mutu," ta ce, ba ta dube ni ba. "Na san ɗinkin ganin ido, na san na gaskiya. Wannan ɗinkin ya yi."

An sha yaba mini aiki, har a mujallar motoci an taɓa buga sunana. Ban taɓa jin kaina ya kumbura irin na wannan lokacin ba. Na juya gefe ina gyara hular da ba ta karkace ba.

Kawu Bunma ya liƙa tambarin. Sai ga Deca ya matso, hular kwano a hammata.

"Inna, kada ki damu, zan kula miki da shi. In na zagayo na same shi a hanya zan yi masa oda ya kauce."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Wane ne wannan mai bakin?"

"Deca ne, Inna," in ji Tawin. "Mai jar motar can."

"To, je ka. Kada ka dawo mini a bayansa."

Muka kai ta bakin shingen doguwar kwana, na tsaya a gefenta na riƙe mata lema. Aka saki motoci. Ƙarar ta sa ta ɗan zabura, amma ba ta rufe ido ba. Zagayen farko jar motar ce a gaba, ruwan tokar tana can baya da nisa, don a miƙaƙƙiyar hanya injin Deca ba sa'an na Tawin ba ne. Zagaye na gaba tazarar ta ragu. Na gaba kuma hancin Tawin yana shinshinar bayan Deca tun daga shiga kwana har fita, sai a miƙe Deca ya sake tserewa.

"Me ya sa bai wuce ba?" in ji ta.

"Yana karantar sa ne, Inna."

"Ai ya isa haka, ba jarrabawa ba ce."

Kamar ya ji ta. Da suka sake zagayowa Deca ya taka birki inda ya saba, ya buɗe ɗan wuri ta ciki wanda bai fi faɗin ƙofa ba a idona. Tawin bai taka nasa ba sai da ya shige. Motar ta kwanta, tayar baya ta ɗaga, suka jera kafaɗa da kafaɗa a gabanmu, sannan ruwan tokar ta fita a gaba. Rumfarmu ta ɗauki ihu, Nok tana tsalle da kyamara a wuya, Kawu Bunma yana dukan ganga mara komai da sifana.

Na duba ƙasa na ga Inna Lamai ta ɗaga hannun hagu tana neman abin da za ta tafa da shi. Ta kalli na daman da ke kwance a cinyarta, ta kalle ni.

"Ke, 'yar nan, ara mini hannunki."

Na yar da lemar na durƙusa a gefen keken, na shimfiɗa mata tafina mai kanta da tabon wuta. Ta yi ta bugawa, tana ihu da 'yar muryarta, "Ɗana ne! Wancan ɗana ne!" har sai da motar ta ɓace a bayan tudu.